Jagorar Sayen Motar da Inshora ta Taɓa Cirewa Saboda Lalacewar Ƙashinta

Duk wanda ya nemi mota ta hannu a Birtaniya, ko a Auto Trader ko a Facebook ko a filin dillalai, ya taɓa cin karo da wadda farashinta ya faɗi ƙasa da na tsararrakinta, fentinta na ƙyalli, sannan a ƙarshen bayanin ya ga an maƙala Cat S, wato rukunin S na motocin da inshora ta cire bayan haɗari, ta biya mai su maimakon ta gyara. Ɗalibi ko sabon ma'aikacin da ke neman abin hawa da ɗan abin da ya tara yakan ji kamar ya yi tsintuwa. Mai yiwuwa ne cinikin ya yi kyau, amma harafin S abu ɗaya kawai yake faɗa, wato an taɓa samun lahani a ƙashin motar, ƙarafan da ke riƙe da jikinta. Bai ce an gyara da kyau ba, bai kuma ce wani ya duba gyaran ba. Abin da mutum yake saye a irin wannan ciniki shi ne aikin wanda ya yi gyaran, saboda haka duk matakan da ke tafe neman hujjar wannan aikin ne.

Abin da harafin yake nufi

Tun daga 1 ga Oktoba 2017 kamfanonin inshora na Birtaniya suke raba motocin da suka cire zuwa rukuni huɗu. Rukunin A ana murƙushe shi gaba ɗaya, ba a cire ko da noti. Rukunin B ana iya cire kayan da ke da amfani, amma gangar jikin dole a murƙushe ta, kuma motar ba ta sake hawa titi. Rukunin N shi ne wanda lahaninsa bai taɓa ƙashi ba, ko da yake yana iya shafar birki ko sitiyari ko wayoyin lantarki. Rukunin S shi ne wanda lahanin ya kai ga ƙashi, amma aka yarda cewa ƙwararre zai iya gyarawa. Kafin wannan lokaci ana amfani da C da D ne a madadin S da N, waɗanda suka dogara a kan kuɗin gyara, kuma har yanzu ana ganinsu a jikin tsofaffin motoci.

Yawancin ƙananan motoci na yanzu ba su da shasi daban da ake ɗora jiki a kai, jikin ne da kansa yake ɗauke da komai. Ƙashin da ake magana ya haɗa da dogayen ƙarafa biyu da ke riƙe da inji a gaba da takwarorinsu na baya, da ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba da tsakanin ƙofofi da bayan mota, da dokin ƙofa na ƙasa, da bangon da ya raba inji da mazauna, da wuraren da shakazoba ke zama. An ƙera gaban mota da bayanta domin su lanƙwashe bisa tsari su shanye ƙarfin karo, an kuma ƙera ɗakin mazauna da ƙarfe mai tsananin tauri domin kada ya lanƙwashe. Irin wannan ƙarfe idan aka gasa shi da wuta aka miƙar, yakan koma siffarsa a ido, amma ƙarfinsa ya tafi. Motar za ta yi tafiya lafiya shekara da shekaru, ba za a gane ba sai ranar karo na biyu.

Akwai wani lissafi da masu saye kan manta. Inshora tana cire mota ne idan ta ga gyaranta a garejin da ta amince da shi, haɗe da kuɗin ajiya da na motar aro, bai yi daidai da darajarta ba. Tsohuwar mota mai ƙaramin kuɗi tana iya shiga rukunin S saboda lotsawar dokin ƙofa kawai. Sabuwar mota mai tsada kuwa ba ta kai wa ga haka sai ta daku sosai. Wannan ya sa na fi jin tsoron mota 'yar shekara biyu mai ɗauke da S a kan 'yar shekara goma, duk da cewa ta farkon ce ta fi jan ido.

Sannan a riƙe wannan da kyau: babu dokar da ta tilasta a duba ingancin gyaran kafin motar ta koma titi. A da akwai binciken VIC, wanda shi ma tantance asalin mota yake yi ba ingancin gyara ba, an kuma soke shi a Oktoban 2015. Gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ya wajaba a kan motar da ta kai shekara uku a Ingila da Sikotilan da Wales, ba a kwance komai a cikinsa, ba a auna miƙewar shasi. Mai sayarwa da ya ce maka motar tana da sabon MOT bai ba ka amsar tambayarka ba.

Mataki na farko: takardu, tun kafin ka bar gida

Ka nemi lambar motar da lambar VIN, wato lambar shaidar da masana'anta ta buga wa motar. Ita VIN haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu I ko O ko Q a cikinta. Da lambar mota za ka duba tarihin MOT kyauta a shafin gwamnatin Birtaniya, inda za ka ga yawan mil ɗin da aka rubuta kowace shekara da abubuwan da aka yi gargaɗi a kai. Idan mil ya ragu daga shekara zuwa shekara, ko aka samu dogon giɓi da babu gwaji, ka rubuta domin tambaya. A shafin DVLA, hukumar rajistar motoci, kuma za ka ga launin da aka yi wa motar rajista da shi da ranar da aka fitar da takardar rajistarta ta ƙarshe, wadda ake kira V5C, kuma ranar dole ta yi daidai da ta takardar da za a nuna maka.

Idan mai mota ya riƙe motar rukunin S bayan an biya shi, ƙa'ida ita ce ya aika wa inshora tsohuwar V5C, ya cike fom V62 ya karɓi sabuwa kyauta, DVLA kuma ta rubuta rukunin a jikinta. Saboda haka motar S da takardarta ba ta ɗauke da wannan rubutu tana da abin tambaya. Bayan wannan ka biya kuɗin binciken tarihi irin na kamfanin HPI ko makamancinsa. Shi ne zai nuna rukunin da ranar da aka cire motar, ko ana binta bashin kamfanin lamuni, ko an taɓa kai rahoton sace ta. Idan ya nuna A ko B, magana ta ƙare. Idan ya nuna an cire ta sau biyu, ni shawarata ita ce a haƙura.

Mataki na biyu: labarin haɗarin da hujjar gyaran

A waya, kafin ka kashe kuɗin tafiya, ka yi tambayoyi huɗu. Ina ne motar ta bugu? Wane gareji ne ya gyara? Akwai hotunan kafin gyara da na lokacin gyara? Jakunkunan iska sun fashe? Yadda mutum ya amsa ma hujja ce. Wanda ya ce ai ɗan gogar bamba ce kawai, ko dai bai sani ba ko yana ɓoyewa, domin bamba ba ya sa a ba mota harafin S.

Yawancin waɗannan motoci ta gwanjo suke bi, kamar na Copart, kuma ana ɗaukarsu hoto ta kowace kusurwa kafin sayarwa. Sau da yawa idan ka rubuta VIN ko lambar motar a Google hotunan sukan fito, wasu kamfanonin binciken tarihi kuma suna haɗa su cikin rahotonsu. Ka nemo da kanka, kada ka dogara da waɗanda mai sayarwa ya zaɓo. Ka duba ko taya ta koma baya cikin mazauninta, ko rufi ya yi ƙunci a saman ginshiƙi, ko gilashin gaba ya tsage daga kusurwa, domin waɗannan alamu ne na cewa ƙarfin karon ya ratsa cikin jiki.

Hujjar gyara mai gamsarwa ita ce rasit mai sunan gareji da adireshi, da jerin kayan da aka sauya, da takardar awon da ta nuna an ɗora motar a kan na'urar miƙar da shasi an daidaita ta da ma'aunin masana'anta. Garejin da ke aiki bisa mizanin BS 10125 ya fi kwantar da hankali, tun da mizanin ya tanadi horar da ma'aikata da bin hanyar gyaran da aka amince da ita. Kada ka ji nauyin kiran garejin ka tambaye su ko sun san motar. Idan babu hoto, babu rasit, babu sunan gareji, arhar ba ta isa dalili ba.

Mataki na uku: dubawa da idonka

Ka je da rana, motar a wanke a bushe, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, domin ruwan sama da fitilun gareji suna ɓoye bambancin fenti. Ka riƙo tocila da ƙaramin maganaɗisu, in da hali kuma da na'urar auna kaurin fenti, wadda ba ta da tsada. Ka fara da daidaita VIN ɗin da ke ƙasan gilashin gaba da wanda ke jikin ginshiƙin ƙofa da wanda aka buga a jikin ƙarfe da na V5C. Ka duba kewayen wanda aka buga a ƙarfe, idan akwai alamar walda ko sabon fenti a nan, ka tafi abinka, domin ɓarayi kan ɗora shaidar motar da ta mutu a kan wadda suka sato.

Daga nan ka koma nesa kaɗan ka tsuguna a gaba, sannan a baya, ka ga ko motar ta karkata. Ka matso ka bi ratar da ke tsakanin bonet da fikafikai, wato gefunan da ke saman tayoyin gaba, da ta ƙofofi, da ta murfin but. Ratar hagu ta zama daidai da ta dama, ta kuma tafi da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, wadda sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi tana nuna ginshiƙinta ya motsa. Ka sa yatsu tsakanin taya da bakin mazauninta a hagu, ka maimaita a dama. Idan yatsu huɗu suka shiga a wani gefe, uku a ɗayan, akwai abin da bai koma wurinsa ba.

Fentin masana'anta galibi bai wuce maikiron 200 ba, kuma kaurinsa kusan ɗaya ne a duk jikin. Inda na'ura ta nuna ninki biyu an sake fenti, inda ta haura haka nesa akwai cikon fila a ƙasa. Maganaɗisu ma ba ya kama wurin da aka cika da fila da yawa, sai dai a tuna ba ya kama alminiyam da roba tun asali. Sabon fenti a kan motar S ba abin mamaki ba ne, an riga an san ta yi haɗari. Abin da kake nema shi ne ko wuraren da aka taɓa sun yi daidai da labarin da aka ba ka. Idan an ce gaba ne ya bugu, kai kuma ka samu fila a ginshiƙin tsakiya, to akwai sauran labari.

Mafi yawan lokacinka ka ba wuraren da ba a yi wa ado. Ka buɗe bonet ka haska dogayen ƙarafan shasi daga inda lagireto yake har zuwa bango, kana neman ƙunci, ko tabon wuta, ko sawun haƙoran na'urar ja. Ka ɗaga shimfiɗar but ka ciro safaya ka duba ƙasan, wanda ya kamata ya kasance sumul ba tare da alamun guduma ko taruwar ruwa ba. Ka ja robar da ke kewaye da bakin ƙofa a hankali, tana fita tana komawa. A ƙarƙashinta za ka ga waldar masana'anta, ɗigo-ɗigo masu girma ɗaya da tazara ɗaya. Inda ɗigon ya ɓace, ko ya zama dunƙule-dunƙule, ko aka goge aka shafe, an yanka an haɗa a wurin. Yanka da haɗawa ba laifi ba ne idan an yi shi a inda masana'anta ta yarda, amma wannan hukunci na injiniya ne, kai aikinka ka gano wurin ka nuna masa. Haka nan ka kwatanta ƙullun da ake shafawa a kan mahaɗar ƙarafa, na masana'anta yakan tafi bai ɗaya, na hannu yakan nuna sawun buroshi ko yatsa. Ƙarƙashin mota da aka lafta wa sabon baƙin fenti a gefe ɗaya kawai shi ma abin lura ne, musamman a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu, inda waldar da ba a kare ba take saurin tsatsa.

Jakunkunan iska su ne inda aka fi yin ha'inci, saboda suna da tsada. Idan ka murɗa makulli, fitilar SRS, wato ta jakunkunan iska, ta kama tare da sauran, ta ɗauki 'yan daƙiƙu, sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam an cire ta ko an rufe ta, wadda kuma ta mutu a daidai lokacin da fitilar mai ta mutu mai yiwuwa an haɗa wayarsu ne. Ka duba murfin sitiyari da dashbod da rufin ciki ko launinsu ya bambanta ko an manne su. Ka ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi, ya koma da kansa, ya kuma kulle idan an fizge shi, domin akwai na'urar da ke ɗaure bel lokacin karo wadda sau ɗaya take aiki, dole a sauya ta. Idan motar mai lantarki ce ko mai haɗa fetur da batir, ka nemi rahoton lafiyar batirin, tun da a ƙasan motar ko bayanta yake zaune.

Mataki na huɗu: tuƙi da idon ƙwararre

Ka tabbata kana da inshorar da ta ba ka damar tuƙa ta, sannan ka kashe rediyo. A miƙaƙƙen titi sitiyari ya tsaya daidai, motar kada ta ja gefe ko da an taka birki. Ka kai ta gudun babbar hanya ka saurari kukan iska ta bakin ƙofa ko gilashi. Ka sa wani ya bi ka a baya ya ga ko tayoyin baya suna bin sawun na gaba. Sababbin tayoyi huɗu a kan motar da ake sayarwa da arha suna iya ɓoye cin taya ta gefe ɗaya.

Idan ta tsallake duk wannan, kada ka biya tukuna. Ka kai ta a auna daidaiton tayoyi huɗu da kwamfuta a ba ka takarda, domin shi ne awo mafi arha da ke tona karkacewar shasi. Sannan ka ɗauko injiniya mai zaman kansa, wanda kai ka zaɓa kai kuma za ka biya, ka gaya masa tun farko cewa motar S ce, ya ɗaga ta sama ya duba, ya sa na'urar karanta kwamfutar mota ya ga ko jakunkunan iska suna amsawa. A motocin da ke da kyamara a bayan gilashi ko na'urar hango abin da ke gaba, ka nemi shaidar an sake saita su bayan gyara. Mai sayarwa da ya hana a kawo injiniya ya sauƙaƙa maka hukunci.

Mataki na biyar: inshora, farashi da yarjejeniya

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka nemi farashin inshora da lambar motar, ka kuma faɗa musu rukuninta. Wasu kamfanoni ba sa karɓa, wasu suna ƙara kuɗi, wasu suna neman rahoton injiniya. Idan motar ta sake yin haɗari, darajar motar S za a biya ka, ba ta lafiyayya ba.

A ɗauka lafiyayyar irinta fam 8,000 ce, ana kuma neman fam 6,500 a kan wannan. Daga rarar fam 1,500 ka cire kuɗin bincike da na injiniya da ƙarin inshora na shekarun da za ka riƙe ta. Sannan ka tuna harafin ba ya goguwa, ragin da aka yi maka yau kai ma sai ka yi wa wani gobe, kuma masu saye za su yi ƙaranci. Ribar gaskiya tana ga wanda zai riƙe motar har ta tsufa a hannunsa. Wanda zai bar ƙasar bayan shekara ɗaya ko biyu, kamar yawancin ɗalibai, da wuya lissafin ya fitar da shi.

Wurin da ka saya yana da tasiri a kan haƙƙinka. Ɗan kasuwa ba shi da ikon ɓoye maka cewa an taɓa cire motar, kuma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 na mayar da ita idan ta fito da aibin da ya sa ba ta kai yadda ya kamata ba. A hannun mutum mai zaman kansa kariyar kaɗan ce, abin da ke kansa shi ne kada ya siffanta ta da ƙarya, don haka ka yi tambayoyinka a rubuce ka adana amsoshin tare da hoton tallan. Ka yi cinikin a adireshin da ke kan V5C, ka biya ta banki, rasit kuma ya ƙunshi VIN da mil da rukunin. Duk takardun nan ka haɗa su wuri guda, domin ranar da za ka sayar su ne za su yi maka magana, kuma bayyana aibin kaya amana ce a kan mai sayarwa ko da doka ba ta tilasta ba, ko da mai saye bai tambaya ba.

Idan motar daga Amurka ta zo

Motocin Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, saboda haka ba su ne suka cika kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi ba. Waɗanda ke sauka a Legas da Kwatano yawancinsu daga Amurka da Kanada da Turai suke, kuma da yawa daga gwanjon Copart da IAA aka sayo su da lahaninsu. A Amurka kowace jiha tana da ƙa'idarta, takardar mallaka takan ɗauki tambarin salvage idan an cire mota, ko rebuilt idan an gyara ta, wasu kuma an rubuta ba a yarda su koma titi ba sam. Da zarar an yi wa motar sabuwar rajista a gida, wannan tambari ba ya biyo ta, VIN ne kaɗai ke riƙe da tarihin. Ka duba shi a Carfax ko AutoCheck, akwai kuma binciken kyauta na NICB, ƙungiyar da ke yaƙi da zambar inshora a Amurka, sannan ka nemo hotunan gwanjon kamar yadda aka faɗa a baya. Ka daidaita VIN ɗin da na takardun kwastam.

A nan babu dokar kwana 30 da za ka jingina da ita, kuma masu gyaran jiki na gida, duk da gwanintarsu wajen mayar da siffa, da yawa suna aiki ne da wuta da sarƙa da guduma, ba tare da na'urar awo ba. Ga bamba da ƙofa da fikafiki wannan ya wadatar. Ga ginshiƙi da shasi bai wadatar ba, balle motar da za ta riƙa ɗaukar iyali a hanyar Abuja zuwa Kano. Wanda ya ƙuduri sayen irin wannan mota ya fi masa ya saye ta kafin a taɓa ta, ya ga lahanin da idonsa, ya zaɓi wadda bugunta ya tsaya a kayan da ake kwancewa da noti, ya sayo jakunkunan iska da bel na asali da kansa, ya kuma tsaya a kan aikin har a ɗaura su.